Yaro a Mota da Kan Babur: Wa Zai Shigo Gida Ya Koya Mana?

Ina miƙa gaisuwa ta musamman ga masu saurarenmu na ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan, tun daga Paki da Auchan da Saulawa, zuwa Gimi da Gubuchi da Gazara, har Hunkuyi da Likoro da Doka. Ina gajiya, yaya aikin gida, yaya yara? Mai tankaɗe ta ci gaba da tankaɗenta, mai saƙa ta ci gaba da saƙarta, kunne kawai nake roƙo a ba ni aro.

Maganarmu ta yau a kan yaro ce idan an hau hanya da shi, ko a mota ko a kan babur, da kuma tambayar da ke biye da ita: wa zai koya wa manya yadda ake tsare shi?

Wata za ta ce, to ni da nake cikin kulle, ina ruwana da titi? 'Yar'uwa, da ruwanki har da tsaki. Ki tuna ranakun da kike fita: ranar awo, ranar rigakafi, ranar da aka sallame ki daga asibiti da jinjiri ɗan kwana biyu, ranar suna, ranar biki, ranar gaisuwar mutuwa, ranar zuwa ganin gida. A duk waɗannan ranaku wa ke riƙe da yaro? Ke ce. Maigida yana tuƙi ko yana biyan kuɗin mota, amma yaron yana cinyarki ko yana bayanki. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, waɗanda muke kira 'yan rod sefti, suna tsaye a bakin titi, suna wa'azinsu a tasha, da direbobi suke magana. Ita kuwa mai riƙe da yaron tana cikin gida, ba wanda ya zauna da ita ya yi mata bayani. Wannan giɓi shi nake so mu duba.

Mu fara da girman al'amarin. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na shekarar 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa duk shekara a haɗarin hanya, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29 a duniya. Mu nan ba sai an kawo mana rahoto ba. Babban titin Zariya zuwa Kano ta ƙasarmu ya ratsa, kowa ya san Tashar Yari, kowa ya san yadda hanya ke cika lokacin kakar rake da tumatir, manyan motoci da ƙanana da babura duk a haɗe. Titi kuma in ya yi sumul, ƙafar direba nauyi take ƙarawa a kan totur. Da wuya a sami gidan da ba a taɓa zuwa jaje ko ta'aziyyar haɗari ba.

To me ke faruwa da yaro a lokacin karo? Nan nake so ki ajiye rariya ki saurara. Idan mota tana tafiya, duk abin da ke cikinta gudun motar yake yi, ko da yana zaune shiru. In motar ta tsaya farat ɗaya, abin da ba a ɗaure ba shi bai tsaya ba, gaba zai ci. Kin san yadda ruwa ke fallatsa daga bokiti idan mai ɗauke da shi ya yi tuntuɓe, to haka ne. Karo a gudun kilomita 50 a awa ɗaya, wanda direbobinmu ba su ma ɗauke shi gudu ba, daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, wato kamar daga saman bene mai hawa uku. Masana sun ce a irin wannan karo jiki kan fizga gaba da ƙarfin da ya kai nauyinsa sau 30. Yaro mai kilo 10 ya koma kamar kilo 300 ke nan, buhun taki shida. Uwargida, tsakaninki da Allah, hannunki zai riƙe buhun taki shida da aka fizga cikin ƙiftawar ido? Ba laifin ƙaunarki ba ne, babu hannun da zai iya, ko na ƙato majiyi ƙarfi. In kuma ke ma ba ki ɗaura bel ba, nauyinki ne zai bi yaron ya matse shi da kujerar gaba.

Jariri kuma halittarsa daban ce. Kansa ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jikinsa, wuyansa kuwa bai yi ƙwari ba. Ai shi ya sa kakanninmu suka koya mana tallafe kan jinjiri in za a ɗaga shi, kuma ba a goya shi sai an gyara masa wuya. Wannan sanin namu ne tun fil azal. Kujerar yaro ta mota a kan wannan hikima aka gina ta. A shekarar 1964 wani farfesa a ƙasar Suwidin, Bertil Aldman, ya lura da yadda ake kwantar da 'yan sama jannati da baya don jikinsu ya jure fizgar kumbo, sai ya ƙera kujerar yaro mai kallon baya. In an yi karo, bayan kujerar ne ke tare kai da wuya da gadon baya gaba ɗaya, kamar yadda tafin hannunki ke tare ƙeyar jinjiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce irin wannan kujera kan rage mutuwar jarirai a haɗari da kashi 71 cikin 100.

Sai dai sayen kujera daban, iya amfani da ita daban. A Amurka, inda jihar Tennessee ta fara tilasta ɗaure yara a mota tun 1978 saboda naciyar wani likitan yara, Robert Sanders, an zo an gano cewa iyaye da yawa sun sayi kujerar amma suna ɗaura ta ba daidai ba. Wani bincike na hukumar kula da lafiyar hanyoyinsu ya sami kuskure a kashi 46 cikin 100 na kujerun da aka duba. Mutanen da suka yi boko, ga takardar bayani a hannunsu, amma kusan rabi sun kuskure. Tun a 1997 suka fito da tsarin horar da masu koyarwa. Ana ɗauko ma'aikatan jinya da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da 'yan sa-kai, a ba su horo na kwana uku zuwa huɗu, a jarraba su da hannu a cikin mota, a ba su shaida, kuma duk bayan shekara 2 sai sun sabunta ta. Wanda ya goge a cikinsu shi ake ɗagawa ya zama malamin masu koyarwa. Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne, ba a yarda mai koyarwa ya ɗaura kujera ya ce wa uwa sauka lafiya ba. Zai nuna mata, ta yi da hannunta yana kallo, ta kwance ta sake, har sai ta iya bayyana dalilin kowane abu da bakinta. Domin gobe ba ya nan, ita ce ke nan.

Kada wannan ya zama mana baƙon abu, mu muka riga su. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta ga matan ƙauyuka ba za su iya barin gidajensu su zo karatu ba. Sai ta zaɓi dattawan mata masu mutunci, ta koyar da su, ta naɗa musu malfa, aka kira kowaccensu jaji. Su ne ke komawa garuruwansu su shiga gida-gida suna koya wa mata. Wannan shi ne tsarin 'Yan Taru. A zamaninmu ma mun ga matan da ke bin gidaje saboda rigakafin shan-inna, suna sallama su shiga har tsakar gida inda namiji ba ya shiga, har aka wayi gari a watan Agusta na 2020 aka tabbatar an kawar da asalin ƙwayar cutar daga nahiyar Afirka. Hanyar da ta kai karatu cikin gida, ta kai rigakafi cikin gida, ita ce za ta kai wannan ilimi.

To su wa za a horar a ƙasarmu? Ga ungozoma, wadda ba a haihuwa a unguwa ba ta sani ba. Ga malamar Islamiyyar matan aure. Ga ma'aikaciyar awo a asibitin sha-ka-tafi. Ga uwar adashi, ga mai kitso, ga dillaliya da ke shiga gida goma a yini. Ga kuma 'ya'yanmu da ke karatu a makarantar koyon aikin lafiya ta Makarfi, wadda aka fi sani da sunan Shehu Idris, waɗanda gobe su za su zauna a asibitocin ƙauyukanmu. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, tana da sashen wayar da kai, tana kuma da 'yan sa-kai. Kirana gare ta, da shugabannin ƙananan hukumomin nan uku, da hakimai da dagatai da ƙungiyoyin mata, shi ne a tara mata ko da biyu-biyu ne daga kowace mazaɓa, a kawo mota ta gaske da kujera ta gaske, a koya musu da Hausa, a jarraba su, a sake kiransu bayan wani lokaci a ga ko ba su manta ba. Taron da za a yi jawabi a raba lemo a watse ba ya haifar da malama.

Me za ta koyar? Kashi uku ne, domin gidajenmu ba ɗaya ba ne.

Na farko, gidan da ke da mota. Yaron da bai kai shekara 12 ba wurinsa kujerar baya, haka Hukumar Kiyaye Haɗurra ta tanada. Jariri a sa shi a kujerarsa yana kallon baya. A ƙasashen Turai ƙa'idar ita ce aƙalla har wata 15, a Suwidin kuwa sukan kai shekara 4, kuma duk daɗewar da ya yi a haka ya fi, muddin bai fi ƙarfin kujerar ba. Kada a taɓa ɗora kujera mai kallon baya a gaba inda akwai jakar iskar nan da ke fashewa lokacin karo, bugunta kaɗai na iya kashe jariri. In an ɗaure kujerar da bel, a kama ta ta wurin da bel ɗin ya ratsa a jijjiga, kada ta motsa fiye da faɗin babban yatsa. Igiyoyin da ke riƙe yaron su kwanta sumul ba murɗewa, a ja su har ki kasa tsunkule su da yatsu biyu a kafaɗarsa. Lokacin hunturu a cire masa rigar sanyi mai kauri, a ɗaure shi tukuna, sannan a lulluɓa masa zane ta sama. In ya girma ya fi ƙarfin kujerar, akwai matashi na musamman da ake ɗora shi a kai don bel ya bi ta kafaɗa da ƙugu, kada ya bi ta wuya da ciki. Mai sayen ta gwanjo ya duba da kyau: ba tsagewa, igiya ba ta zare ba, maɓalli yana kamawa da ƙara, kuma ba a taɓa yin haɗari da ita ba. Sannan ko na minti biyar ne kada a bar yaro shi kaɗai a cikin mota a rufe, zafin da ke taruwa a ciki da rana kisa yake yi.

Na biyu, motar haya, wadda ita yawancinmu muke hawa. Nan gaskiya ɗaya ce, ba zan ɓoye miki ba: babu wata dabarar riƙo da ta kai kujerar yaro. Amma akwai abin da ke rage ɓarna. Ki ƙi zama gaba da yaro, ko da kamasho ya ce nan kaɗai ya rage, gara ki jira ta gaba. Ki kwance goyo kafin ki shiga, kada yaro ya kasance tsakanin bayanki da kujera. In akwai bel ki ɗaura wa kanki, ke kaɗai, kada ki haɗa ke da yaro cikin bel ɗaya, domin nauyinki zai matse shi a jikin igiyar. Yaron da ya yi wayo, in da hali a biya masa kujerarsa. Kada yaro ya tsaya tsakanin kujeru, ko ya leƙa kai ta taga, ko ya jingina da ƙofa, kada kuma a zuba yara a but ko a kan kaya a bayan a-kori-kura don za a kai amarya. Mai juna biyu ma ta ɗaura bel: igiyar ƙasa ta bi ƙarƙashin ciki a kan ƙugu, ta sama ta bi tsakiyar ƙirji. Tun 1 ga Janairun 2003 aka fara tilasta ɗaura bel a ƙasar nan, kuma yana rage haɗarin mutuwa da kusan rabi.

Na uku, babur, dokin talaka. Babur ba shi da bango ba shi da bel, don haka in da yadda za a yi, kada a hau da jariri. In ya zama dole, kamar ciwon dare ko hanyar da mota ba ta shiga, to ya zama mai tuƙi da ke da yaro ɗaya kawai. Ɗora yaro a kan tanki, wani a tsakiya, wani a goye, wannan sayar da rai ne. Ki tattara hijabinki da bakin zanenki da majanyi ki danne, domin in taya ta kama hijabi, ke da goyon za ta fizgo ƙasa. Ki lura da ƙafar yaro kada ta shiga wayoyin taya ko ta taɓa salansa. Yaron da ke gyangyaɗi ba ya iya riƙe kowa. Hular kwano kuma tun Janairun 2009 aka tilasta ta ga mai tuƙi da wanda aka ɗauka. Kada kunya ta hana ki cewa, “Malam, don Allah a rage gudu, da yaro a hannuna.” Kuɗinki kika biya, kuma sauri ya haifi nawa.

Yanzu sai yadda ake koyarwar, domin koya wa babba ba kamar koya wa yaro ba ne. Matar da ta haifi takwas ta raine su, in kika shigo kina nuna mata ba ta san komai ba, za ta ba ki tabarma da ruwa, ta ce to, to, amma kunnenta a toshe. Ki fara da tambaya: “Inna, in za ku asibiti yaya kuke yi da jinjiri?” Ki bar ta ta faɗa. Ki yaba abin da take yi daidai, sannan ki ɗora naki a kai. Ki zo da abin nuni, gani ya kori ji. Ki ɗora 'yar tsana a faranti, ki tura farantin da sauri ki tsayar farat ɗaya, kowa zai ga inda 'yar tsanar ta nufa. Ki sake yi bayan kin ɗaure ta da tsumma. Wannan ya fi dogon jawabi. Kada ki juye mata komai rana ɗaya, abu uku sun isa zama guda. Kafin ki tashi ki ce ta maimaita miki, ko ta koya wa abokiyar zamanta kina ji. Gidan da aka taɓa rasa yaro a hanya kuwa, ki taka sannu. Ba a zo tone ciwo ko ɗora laifi ba, an zo ne don na baya.

Za a ce miki ai komai ƙaddara ce, in kwana ya ƙare ya ƙare. Gaskiya ne, ba musu. Amma wace ce a cikinmu ke barin rijiya a buɗe yaro na rarrafe, ta ce ta bar wa ƙaddara? Muna rufe rijiya, muna kawar da wuƙa, muna sa gidan sauro, sannan mu yi addu'a. Bel da kujera sahunsu ɗaya da murfin rijiya.

Saura maigida, don shi ke da mota, shi ke da babur, shi ke da aljihu. Kin fi ni sanin mijinki. Ba a bakin ƙofa ana shirin fita ba, ba kuma a gaban mutane ba. Ki bari ya ci ya sha ya huta, ki ce, “Maigida, yau na ji wani abu a rediyo da ya tsaya mini a rai game da yaran nan.” Ki ba shi lissafin buhun taki shida, maza suna son lissafi. In ya ce kujera da tsada, ku auna kuɗinta da kuɗin kwana uku a asibitin Shika. Kuma kujera ɗaya in an kula da ita tana iya yi wa yaro da ƙaninsa. 'Yan'uwa da ke haɗa kayan barka, a cikin turamen atamfa goma a rage biyu a sa wannan, in gidan akwai mota. Ku kuma iyayenmu maza da na san kuna saurare ta zaure, a yi haƙuri a bar mai koyarwa ta shigo, a kuma bar uwargida ta je in an kira horo. Amanar da ke cinyarta taku ce ku biyu.

In kuma Allah ya kawo tsautsayi a hanya, lambar kiran gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122, kyauta ake kira. Ki sa a rubuta miki ita. Yaron da ya bugu, kada a girgiza shi, kada a ɗura masa ruwa. In ba wuta ko wani haɗarin ke tafe ba, kada a fizgo shi, a tallafe kai da wuya su zauna daidai da jiki. Ko da ya tashi yana wasa a kai shi asibiti, musamman in yana amai ko barci ya yi masa yawa.

'Yan'uwana, kafin hukuma ta shirya nata, ga aikin da na ba kowaccenmu a wannan mako. Ki zaɓi mata uku, ko abokiyar zama, ko suruka, ko maƙwabciyar da kuke magana ta katanga. Ki koya musu abu uku: yaro a baya yake zama, ba a haɗa uwa da ɗa a bel ɗaya, a tattara hijabi kafin babur ya tashi. Ki ce kowacce ta koya wa wasu uku. Wadda ta gwada, ta aiko mana da wasiƙa ko saƙo ta faɗa mana yadda ta kaya, da irin tambayoyin da aka yi mata, za mu karanta a fili mu nemo amsa wurin masana.

Nan za mu dasa aya, lokaci ya yi halinsa. Allah ya raya mana zuri'a, ya tsare matafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Sai mako mai zuwa idan mai duka ya kai mu. A gaida maigida, a shafa mini kan yara. Ku huta lafiya, wassalamu alaikum.